Kwanon da Ya Riƙa Dawowa Wayam

Gwaggo yayar mahaifina ce, kuma ita ta riƙe ni tun ina shekara shida har na fara gemu. Shekara ashirin da bakwai ta yi tana aiki a ɗakin wanki na wani asibiti, can baya, tsakanin kicin da ɗakin ajiye gawa. Ɗaki ne mai ƙaramar taga ɗaya, da manyan injinan wanki biyu waɗanda ba a taɓa samun duka biyun da lafiya a rana ɗaya ba, da dogon teburin guga wanda tsakiyarsa ta lotsa. Tururi ya cinye mata gashin gira. Bilic, ruwan farar da kaya, ya cinye mata zanen yatsu, har ranar da aka zo ɗaukar hoton yatsun ma'aikata na'ura ta ƙi karɓar nata. Ta daɗe tana ba da wannan labari tana dariya.

"Ni ce ɓarauniyar da ba za a taɓa kamawa ba," in ji ta. "Sai dai ban san abin da zan sata a can ba, in ba zanin gadon masu zawo ba."

Ba ta yi karatu mai nisa ba, amma zanin gado ba ya ɓoye mata komai. Da ta ware shi za ta gaya maka daga wane ɗaki ya fito, da irin ciwon wanda ya kwana a kai. Ta san jinin haihuwa, ta san na hatsarin mota, ta san fitsarin mai lafiya da na wanda ƙodarsa ta fara gajiya. Wani lokaci takan ɗaga zani, ta ajiye shi gefe ta wanke shi da hannu, shi kaɗai. Kwana biyu bayan haka sai ka ji an tura gadon mai shi zuwa ɗakin gawar da ke maƙwabtaka da ita.

Mijinta mai walda ne. Shagonsa yana ƙarshen layinmu, inda yake haɗa ƙyamare da tagogi da gadajen ƙarfe. Ƙato ne, hannuwansa duk ɗige-ɗigen ƙunar tartsatsi, kunnensa ɗaya ya mutu saboda bugun guduma, don haka ko gaisuwa yake yi sai ka zaci faɗa ne. Shi ne ya sa mata suna Sista, don tsokana, tunda a asibiti take aiki. In ya dawo ya yanke a yatsa sai ya miƙa mata ya ce, "Sista, a kwantar da ni ko a sallame ni?" Ita kuma ta ce, "A wanke ka a shanya." Mutum ne mai son abinci. Yana ci ƙofa a buɗe, duk wanda ya gifta sai ya kira shi, har wanda bai sani ba. 'Ya'ya huɗu ta haifa masa, ɗaya ya rayu, shi ma aiki ya kai shi nesa, sai waya.

Karen gidan kuwa da kansa ya zo. Wata safiya Mai Walda ya tarar da ɗan kwikwiyo cikin tarin ragowar ƙarafa, wani fallen ƙarfe ya datse masa rabin wutsiya. Ya ɗaure wurin da tsumma, ya ba shi ruwa a murfin fenti, ya sa masa suna Guntu. Ya girma a shagon, baƙi mai farin ƙirji, ya saba da ƙarar injin yanka har yana barci a gindinsa. Gwaggo ba ta son kare. Ta kafa doka cewa iyakarsa baranda, ko hancinsa ya leƙa ɗaki sai tsintsiya. Tana kiransa agolan gidan. Duk da haka ita ke ajiye masa ƙashi da gefen burodi, tana turawa da ƙafa tana kallon wani wuri. Shekara tara suka yi a haka, ba ta taɓa kai hannu jikinsa ba.

Shekara ɗaya bayan ta ajiye aiki, Mai Walda ya faɗi a shago da hantsi, yana riƙe da ƙyauren da bai gama ba. Hawan jini ne ya shanye masa ɓarin dama. Sati uku ya yi a asibiti. Da muka dawo da shi a bayan motar burodin da nake tuƙawa, muryar nan da ke cika layi ta tafi, sai kalmomi kaɗan da ke fitowa a karkace, su ma da ƙyar. Aka rufe shagon. Guntu ya biyo mu gida ya kwanta ƙarƙashin kujerar da muka kafa wa maigidansa a baranda, bai sake komawa ƙarshen layi ba.

Gwaggo ta kama jinya kamar yadda ta kama aikin asibiti. Ƙwayoyinsa suna cikin murafan kwalba uku, na safe da na rana da na yamma. Tana juya shi, tana goge shi, tana murza masa mataccen hannun da man shafawa har nata ya gaji. Likita ya hana gishiri, ta hana. A layin karɓar magani wata mata ta gaya mata cewa tafarnuwa tana sauke jini, mijinta ma da ita ya miƙe. Gwaggo ba ta daina ba shi maganin asibiti ba, ta fi ƙarfin wannan wauta, sai dai ta ƙara da tafarnuwar. Kullum kai guda cur take ɓarewa ta daka ta zuba a miyarsa. Tunda kuma abinci ba gishiri lami ne, sai ta riƙa soya albasa da yawa har ta narke, don harshensa ya sami abin kamawa. Tun daga bakin ƙofar gidan kana jin ƙamshin.

A satin farko ita ke ba shi a baki. Yana tari, abincin yana zubowa ta gefen bakin da ya saki, tana gogewa. Ran nan wani tsohon abokin aikinsa ya shigo dubiya ba sallama mai ƙarfi, ya tarar da shi miya na bin haɓarsa, an ɗaura masa tawul a wuya kamar jariri. Baƙon ya sunkuyar da kai, Mai Walda ya juyar da fuska bango. Washegari da ta kawo kwanon sai ya karɓi cokalin da hannun hagu, ya nuna mata ƙofa da haɓa.

"Je ki," ya ce. Da ƙyar ta fito, amma ta fito.

Ta gane. Mutum ne da ya shekara arba'in yana ɗaga ƙyauren ƙarfe shi kaɗai. Ta ɗauko wani tsohon zanin gado ta ɗaura igiya ta tare barandar, ta yadda ba mai ganinsa daga tsakar gida ko daga ƙofa. Tana ajiye masa kwano a kan ƙaramin tebur, ta gyara masa tawul, ta fita. Bayan rabin awa ta dawo ta tarar da kwanon wayam, kamar an wanke. Ranar farko har waya ta yi wa ɗanta.

"Babanka ya dawo da cinsa," ta ce. "In ciki ya karɓa, sauran jiki zai biyo."

Sai dai jikin bai biyo ba. Wuyansa ya yi tsawo, agogonsa ya fara zamewa har gwiwar hannu. Sau biyu Gwaggo ta rage masa ƙugun wando. Ta ce ciwon ne, haka yake cin mutum, ta ga irinsa da yawa. Ni ma ina zuwa kusan kullum in na gama rabon burodi, na gani, na kuma yi shiru. An ce ido ba mudu ba, amma ya san kima. Nawa idon ya sani, bakina ne ya ƙi tambaya. Abin da na faɗa kawai shi ne Guntu ya yi ƙiba, zaman gida ya karɓe shi. Gwaggo ta ce agola ai dama shi ke cin moriyar gida. Muka yi dariya. Mai Walda yana jinmu, ya runtse ido.

Sati shida aka yi a haka.

Wata Litinin ta soya albasa da tafarnuwa cike da tukunya, wadda za ta ishe ta kwana uku, don ta huta da tsayuwa, gwiwoyinta sun fara damunta. Tana saukewa mariƙin tukunyar ya cire, komai ya kife a siminti. Kafin ta shiga ta ɗauko tsumma da bokiti, Guntu ya lashe fiye da rabi. Ta kore shi da tsintsiya tana mita, ta sake ɗora wata. Da yamma ya ɗan yi amai a gindin famfo, washegari ya tashi yana kaɗa guntun wutsiyarsa. Ba wanda ya sake tuna maganar.

Ranar Alhamis da safe ta kira ni ina tsakiyar rabo.

"Dogo, in ka sauke na ƙarshe ka zo da motar."

"Jikin Baba ne?"

"Karen ne."

Na tarar da shi kwance a gefen kujera, ba ƙarƙashinta ba, kamar ya yi niyyar shiga ƙarfi ya ƙare masa. Yana numfashi sama-sama da sauri. Gwaggo ba shi take kallo ba, simintin take kallo. Ya yi fitsari inda yake, ya bar tabo mai duhu, kalar shayin da ya daɗe a wuta ba madara.

"Jini ne ya narke a ciki," ta ce. "Na san wannan kalar. Ban taɓa wanke ta daga gado ɗaya fiye da sau uku ba, mai gadon yake tafiya."

Maƙwabciyarmu, maman 'yan biyu, ta leƙo ta katanga. Ta ce guba aka ba shi, mutanen yanzu ba imani. Ta ce a ɗura masa madara da mai, ko a dama gishiri da ruwa a zuba masa ya amayar.

"Ba abin da za a ɗura masa," in ji Gwaggo. "Dabbar da ba ta iya ɗaga kai, in ka zuba mata ruwa a baki huhu zai tafi."

Ta shiga ɗaki ta fito da zanin gado mai tsabta, gogagge. Ta durƙusa da gwiwoyin nan nata, ta tura hannu ƙarƙashin ƙirjin karen, ta naɗe shi. Ni na kama baya, ita gaba. Mai Walda yana ta wani sauti a maƙogwaro yana buga hannun kujera da hagunsa. Ta tsaya da karen a hannu ta dube shi.

"Asibitinsu za mu kai shi, Maigida. Maman 'yan biyu za ta zauna da kai."

Asibitin dabbobin ɗaki biyu ne a bayan kasuwa, yana warin maganin kaji. Likitar mace ce mai furfura a gaban goshi, tabaraunta rataye da zare. Ta sa muka ɗora shi a teburin ƙarfe, ta ɗaga masa leɓe. Dasashinsa fari fat kamar takarda, da ɗan ruwan ɗorawa a gefe. Ta danna da yatsa, kalar ba ta canza ba. Ta auna nauyinsa, ta ɗebi jini, ta sa masa ƙarin ruwa a ƙafar gaba, sannan ta fara tambaya. Ko yana da kaska? Ko an sa maganin ɓera a gidan? Ko ya taɓa haɗiye ƙwayar mutane? Gwaggo ta ce a'a, ƙwayoyin mijinta a ƙirge suke, ko ɗaya ba ta ɓata ba.

"Me yake ci?"

"Ƙashi, gefen burodi, farar shinkafa in ta rage."

"Albasa fa, ko tafarnuwa?"

Sai Gwaggo ta ba da labarin tukunyar Litinin. Likitar ta cire tabarau ta bar shi ya faɗa ƙirjinta.

"To ga shi nan, Mama. Abin da yake gyara mana miya, su jini yake fasa musu. Ɗanya, dafaffiya, soyayya, ko garinta, duk ɗaya ne, wuta ba ta kashe dafin. Tafarnuwa ma ta fi albasa ƙarfi."

"Amma ya tashi lafiya washegari."

"Nan ne take yaudarar mutane. Ranar farko ɗan amai ne ko zawo, wani ma ba ya yin komai. Sai bayan kwana uku, huɗu, biyar, jinin ya gama lalacewa, sannan a ga kasala da haki da irin wannan fitsari. Da a ranar kuka kawo shi, cikin awa ɗaya ko biyu, da na sa shi ya amayar a nan, na ba shi gawayi na magani ya tsotse sauran, na ce ku dawo in duba jininsa. Abin da ake yi ke nan: kada a jira alama, a lura da yawan abin da ya ci da lokacin da ya ci, a kawo shi. Ba a sa shi amai a gida da gishiri, wannan wata gubar ce daban. Madara kuma ba ta warware komai."

Gwaggo ta gyaɗa kai. Ba ta kare kanta ba. Muka zauna a benci muna jiran sakamakon jinin, wani mutum a gefenmu rungume da akuya mai kumburin ciki.

Da likitar ta fito daga ɗakin ciki, fuskarta ta canza.

"Mama, akwai abin da ban gane ba. Tukunyar Litinin ita ta kayar da shi, amma jinin nan ya daɗe yana fama. Jikinsa ya yi makonni yana ƙera sabo, ana fasa masa. Akwai wanda ke ba shi irin wannan abinci a kai a kai."

"Babu. Ni kaɗai ke girki a gidan, kuma miyar tafarnuwa ta maigida ce shi kaɗai. Ni ma ba na ci, tana ƙona min ƙirji."

"Maigidan yana cinyewa?"

"Tas. Kullum kwanon…"

Ba ta ƙarasa ba. Na ga hannunta ya lalubi gefen bencin ya riƙe. Ta daɗe tana kallon karen a kan tebur, cikinsa mai ƙiba yana hawa yana sauka.

"Dogo," ta ce a hankali, "sau biyu na rage wa wandon nan ƙugu."

Likitar ta ce abin da ya rage shi ne ƙarin jini, kuma ba ta da shi a ajiye, sai an samo wani kare babba mai lafiya. Ta ce ko an yi ba ta yi mana alkawari ba, ga tsufa, ga ƙodar ta sha wahala. Na tuna da karen gadin gidan burodinmu, wani jibgege mai kai kamar turmi. Na je na roƙi mai gidan burodin. Ya dube ni kamar na taɓu, ya ce a duniya har kare ake yi wa ƙarin jini, sannan ya ce in tafi da mai gadin don shi kaɗai karen ke ji wa magana. Kafin la'asar aka ɗebi jinin aka sa wa Guntu. Na tsaya har ya ɗaga kai ya lashi ruwa sau biyu.

Gwaggo ba ta jira wannan ba, ta riga ta hau motar haya ta koma gida. Da na iso na tarar ta kwance igiyar barandar, zanin yana ninke a kan taga. Ta dafa shinkafa da miya, ba tafarnuwa. Ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna gaban Mai Walda, gwiwa da gwiwa.

"Ci in gani, Maigida."

Ya nuna ƙofa da haɓa. Ba ta motsa ba. Ya dube ni, na kawar da kai, amma ban fita ba, don ta ce in tsaya. Can ya ɗauki cokalin. Ya kai baki, ya daɗe yana juya abincin, ya yunƙura zai haɗiye. Tari ya sarƙe shi, irin wanda ke girgiza kujera. Ƙwayoyin shinkafa suka fito ta hanci, idanunsa suka yi ja suna ruwa. Ta bubbuga masa baya har ya lafa. Ya sake gwadawa. A rabin awa cokali huɗu ya shiga, biyu sun dawo. Ya ajiye cokalin, ya kai hannu maƙogwaronsa ya matsa.

"Ba ya… wuce," ya ce.

Ashe sati shida da shayin safe yake rayuwa, da burodin da take jiƙa masa a ciki har ya zama ruwa, da ɗan abin da ya samu ya zame. Sauran yana sauke kwanon ƙasa da hannun hagu, Guntu ya share.

Washegari Juma'a muka kai shi asibiti. Aka ɗora shi a sikeli, kilo goma sha ɗaya ya tafi tun ranar sallama. Likitan, wani matashi mai saurin magana, ya ce shanyewar jiki takan taɓa haɗiya, ya kamata a ce an lura tun farko. Ya ce abinci mai laushi kamar na yaye, kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a rana, a zaune tsaf, haɓa a sunkuye, kuma kada a sake barinsa ya ci shi kaɗai. Yana rubutu ya tambaya ba tare da ya ɗago ba, "Wa ke kula da cin abincinsa a gida?"

"Ni ce," in ji Gwaggo.

Ya ɗago ya dube ta, ya ci gaba da rubutu. A hanyar fita wata tsohuwar ma'aikaciya ta gane ta, ta rungume ta tana tambayar bayan rabuwa. Gwaggo ta amsa gaisuwar daidai, har da tambayar ko an gyara injin na biyu.

Guntu ya mutu ranar Asabar da hantsi. Likitar dabbobi ta kira ni ta ce fitsari ya tsaya masa tun jiya, ƙodar ta ƙi tashi. Na ɗauko shi cikin zanin da muka kai shi, na haƙa rami a bayan tsohon shagon, inda ƙasar duk tsatsa ce da guntayen waya, na rufe shi. Sannan na je gidan.

Labari ya riga ni. Maman 'yan biyu ta ji daga bakin mai gadin gidan burodi, ta kuma faɗa wa wata a gindin katanga, da muryar da ba ta san rage ta ba, cewa tafarnuwar Gwaggo ce ta kashe karen. Kunnen Mai Walda ɗaya ne ya mutu, ɗayan yana aiki. Na tarar da Gwaggo zaune gabansa da kwanon dankalin da ta murƙushe da romo, cokali a hannu, shi kuma ya datse baki. Da ya gan ni da ƙasa a gwiwar wando bai tambayi komai ba. Ya ɗaga hannun hagu ya ture cokalin, abincin ya fantsama a zaninta. Ya nuna ta da yatsa.

"Ke," ya ce.

Kwana uku ke nan ba ta yi barcin kirki ba. Ban taɓa jin ta mayar masa da baƙar magana ba sai ta wasa. Ta dubi yatsan, ta dube shi.

"Ni na daka," ta ce. "Kai ka miƙa."

Rabin fuskarsa mai rai ya yamutse, ɗayan rabin yana nan yadda yake, hawaye yana sauka ta duka biyun. Gwaggo ta ɗauki cokalin daga ƙasa, ta je ta wanke, ta dawo ta zauna ta ɗebo ta riƙe a gaban bakinsa. Abincin ya huce a hannunta. Ta tashi ta ɗumama, ta dawo ta sake riƙewa. Wajen azahar ya buɗe baki.

Daga ranar sau biyar take ba shi, kowane zama kusan awa guda. Ya ɗan ciko, agogon ya daina zamewa. Amma bai sake yarda a fitar da shi baranda ba, kuma bai sake ce mata Sista ba. Ita ma ba ta nemi gafarar maganar ba, aƙalla ba a gabana ba. Suna zaune ɗaki ɗaya, tana goge masa baki, yana ɗaga mata haɓa don ta ji sauƙin gogewa. Iyakar hirarsu ke nan.

Wata biyar ya ƙara. Zazzaɓi ya kama shi da tari mai nauyi, aka ce abinci ne yake ɗan zamewa huhu duk da kulawar, ya zama ciwon haƙarƙari. Kwana shida ya yi a asibiti ya cika, da rana tsaka, tana riƙe da mataccen hannun. Ɗansu ya iso washegari. Ya yi kuka sosai, ya gode mata da irin jinyar da ta yi, ya ce ba kowace mace za ta iya ba. Labarin karen bai sani ba sai sama-sama, kuma ba mu ƙara masa ba.

Ya so ya tafi da ita, ta ƙi, ta ce ta tsufa da koyon sababbin tituna. Yanzu tana ɗakin baya a gidana. Gwiwoyin sun kusa hana ta tafiya, amma ita ke ninke kayan gidan duka, kuma matata ta haƙura da yin guga, don ko ta yi sai an sake. Tana cin abin da aka dafa, da albasarsa da komai, ba ta taɓa cewa a rage ba. Takan yi wasa da jikoki. Mutanen layi suna cewa ta yi haƙuri, ta dangana.

Watan jiya na shiga gaishe ta da yamma, na tarar tana zaune bakin gado ba ta yin komai, abin da ba halinta ba ne. Ta ce in zauna.

"Dogo, akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Lokacin da nake ajiye masa kwanon nan in fito, rediyo nake kunnawa a kicin. Da ƙarfi. Don in ya yi tari kada ya ji kunyar ina jinsa."

Na ce ai alheri ta nufa.

"Na san abin da na nufa," ta ce. "Ba shi nake tambaya ba. A cikin sati shidan nan, kana ganin ya taɓa kirana?"

Na ce ban sani ba, Gwaggo. Gaskiyar ke nan, ban sani ba.

Ta gyaɗa kai. Ta ce in turo mata yaran su ɗebo kayan shanya, hadari yana haɗuwa.